An sa wa 'yata wayar haƙori, yanzu an ce saiwar ta ragu: mu cire ko mu ci gaba?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni uwa ce a Birnin Kebbi. 'Yata mai shekara 15 haƙoranta na sama sun turo waje har leɓe ba ya rufe su, shi ya sa muka kai ta wani gari aka cire mata haƙora biyu na gefe, aka sa mata wayar gyaran haƙori. Yau wata 14 ke nan. Zuwanmu na ƙarshe an yi mata hoto, likitan ya ce saiwar haƙoranta na gaba ta ɗan ragu. Babanta ya ce a cire wayar kawai, kakarta kuma tana cewa haƙoran zubewa za su yi tun ba a kai ta ɗaki ba. Ita yarinyar ba ta jin ciwon komai. Me ke cin saiwar? Za ta dawo? Mu cire ko mu ci gaba?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya ta, ya yi mata albarka. Ki kwantar da hankalinki tukuna, ki kuma kwantar wa Inna da nata. Abin da likitan ya gani sananne ne a wannan aiki, kuma a mafi yawan yara ba ya kaiwa ga zubewar haƙori. Amma ba zan ce miki ba komai ba ne, domin abin da ya tafi daga bakin saiwa ba ya dawowa, kuma akwai 'yan tsirarun yara da abin ke yi wa yawa. Duk maganar tana rataye ne a kan kalmar nan da ya faɗa miki, "ɗan ragu". Ɗan nawa? Milimita ɗaya ko biyar? Tsakanin waɗannan biyun akwai tafiya mai nisa, kuma a kan wannan lissafi ake yanke shawara.

Mu raba abu biyu da mutanenmu ke yawan haɗawa. Saiwa daban, jijiya daban. Saiwa ita ce gindin haƙori da ke nutse cikin ƙashin muƙamuƙi, ba a ganinta sai a hoto. A babban haƙorin gaba na sama tsawonta yakan kai wajen milimita 13, wato abin da ke ɓoye ya ɗan fi abin da kike gani idan ta yi murmushi. Jijiya kuwa ita ce taushin naman da ke tsakiyar haƙori, mai jin sanyi da zafi, wadda idan tsutsa ta kai gare ta mutum ba ya barci. A matsalar 'yarki jijiyar tana nan da ranta, lafiya lau. Shi ya sa ba ta jin ciwo, shi ya sa kuma haƙorin bai canza launi ba. Rashin ciwon nan shi ne ya sa ba a gane abin sai da hoto.

Kin taɓa duba haƙorin da yaro ya fitar lokacin famfara? Ki tuna yadda yake a tafin hannu: ɗan kai ne kawai, gindinsa a rarake, babu saiwa. To da saiwarsa aka halicce shi, doguwa ma. Babban haƙorin da ke tasowa daga ƙasa ne ya matsa ta, jiki ya aiko da wasu ƙwayoyin halitta suka cinye ta kaɗan-kaɗan har haƙorin ya yi girgiɗi ya faɗi. Wato jikin ɗan Adam ya iya cin saiwa tun asali, ba wayar ce ta koya masa ba. Haƙoran manya suna da kariya daga wannan, amma matsin waya yakan ɗan keta kariyar. A bakinmu na likitoci muna kiransa zaizayar saiwa, kuma sunan ya dace, domin yadda ruwa ke cin gaɓar gulbi da damina haka abin yake tafiya.

Ga yadda yake faruwa. Haƙori ba a kafe yake cikin ƙashi kamar ƙusa a katako ba. Tsakanin saiwa da ƙashi akwai wani siririn nama mai zare-zare, kaurinsa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na milimita ne, cike da ƙananan hanyoyin jini. Idan waya ta tura haƙori, gefe ɗaya na naman nan ya matse, ɗaya gefen ya miƙe. Inda ya matse jiki yakan narkar da ƙashi ya buɗe hanya, inda ya miƙe kuma ya gina sabo ya cike baya. Da haka haƙori ke tafiya, kimanin milimita ɗaya a wata. Matsalar tana zuwa ne idan matsin ya fi ƙarfin hanyoyin jinin nan. Sai su toshe, ɗan wurin ya mutu, jiki ya turo masu shara su kwashe mataccen naman. Wajen kwashewa sukan haɗa da fatar saiwar, kamar mai kankare ƙanzo da ta matsa hannu har ta ci jikin tukunya. Idan a gefen saiwa aka kankara, da zarar matsin ya sassauta jiki yakan yaɓe ramin da sabon simintin haƙori, wato fatar nan da ke lulluɓe da saiwar, cikin 'yan makonni ma aikin yaɓen ke farawa. Amma can tsinin saiwa siriri ne. Idan ramuka suka haɗu suka gutsure shi, ya tafi ke nan, jiki sai dai ya shafe bakin ya yi masa dungu.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun 1927 wani likitan gyaran haƙori a Amurka mai suna Ketcham ya nuna a hotunan eksire cewa saiwoyi suna gajarta bayan an yi gyara. Daga baya da aka riƙa duba haƙoran da aka motsa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, sai aka tarar fiye da kashi 90 cikin 100 suna da irin waɗannan ƙananan ramuka. Kusan kowa ke nan. Abin da ke fitowa a hoto a yawancin mutane shi ne ragin milimita 1 zuwa 2, wanda ba ya hana haƙori komai har tsufa. Mai tsanani, wato wanda ya wuce milimita 4 ko ya cinye fiye da sulusin saiwa, ana samunsa a kashi 1 zuwa 5 cikin 100 na haƙoran da aka motsa. Kuma haƙoran da suka fi shan wannan su ne guda huɗun nan na gaba a sama, sai na gaba a ƙasa. Don haka inda aka gani a bakin 'yarki nan ne dama ake fara dubawa.

Me ya sa su? Saboda su ne suka fi yin tafiya. Yarinya irin taki da haƙoranta suka turo, aka cire biyu na gefe don a samu fili, to haƙoran gaban nan za a ja su baya milimita da dama, kuma ba kan kaɗai ba, har da saiwar. Iya nisan da tsinin saiwa ya yi cikin ƙashi, da iya daɗewar da waya ta yi tana aiki, su ne manyan abubuwa biyu da suka fi tafiya tare da zaizaya. Akwai kuma irin motsin. Danna haƙori ya nutse cikin ƙashi ya fi jawo shi waje ɓarna, domin duk nauyin a kan tsinin yake sauka. Haka nan idan saiwa ta je ta gogi taurin bangon ƙashin da ke wajen ganɗa.

Sai ƙarfin ɗauri, kuma a nan nake so in daɗe, domin nan ne mu da kanmu muke jawo wa 'ya'yanmu. A birnin Sidni na Ostireliya an yi gwaji a kan haƙoran da dama za a cire su don gyara. Wasu aka tura su da nauyin giram 25, kamar ƙwayar sukari biyar ko shida, wasu da giram 225, kusan rabin ledar fiya wata. Bayan mako huɗu aka cire aka auna ramukan, sai ga na masu nauyin sun ninka na marasa nauyin wajen sau uku. Kuma ƙarin ƙarfi ba ya sa haƙori ya ƙara sauri yadda mutane ke zato. Idan naman ya mutu, haƙorin tsayawa yake yi cak har sai an gama share wurin.

Na kawo wannan ne saboda halin da muke ciki a nan Kebbi. Ƙwararrun likitocin gyaran jerin haƙori ba su da yawa a ƙasar nan, kuma mafi yawansu suna manyan birane ne da asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano. Mai fitowa daga Birnin Kebbi, balle Yawuri ko Zuru ko Kamba, sai ya yi lissafin kuɗin mota da masauki da makarantar da yaro zai rasa, ga kuma fargabar hanya. Ganin likita da ya kamata a yi duk mako huɗu zuwa shida sai ya koma duk wata uku. To idan aka samu aka je, sai uba ya ce, "Likita a ɗaure mata da kyau, don ba yanzu za mu dawo ba." Na ji wannan magana da kunnena ba sau ɗaya ba. Niyyar mai kyau ce, amma roƙo ne a yi wa yarinya illa. Idan zuwa akai-akai zai yi wuya, a faɗa wa likita gaskiya tun farko, akwai irin wayoyin da ke aiki a hankali na tsawon lokaci, zai tsara aikin a kan haka. Abin da ba a so shi ne aikin shekara biyu ya koma na shekara huɗu, ko a riƙa sauya hannu, wannan ya tura haƙori gaba, wancan ya zo ya mayar da shi baya. Kai-komon nan yana cin saiwa ƙwarai.

Akwai wata budurwa da aka kawo mini, ba zan manta da ita ba. Shekara huɗu da waya a bakinta, ta bi hannu uku, kuma na farkon ma ba likita ba ne, a wani shago aka manna mata, ba hoto ba awo. Biki ya matso, ana so a cire. Da na ɗora hoton a kan fitila, uwar tana tsaye a bayana, sai na ga saiwoyin haƙoran gaba biyu sun koma kamar guntun alli, abin da ya rage bai kai rabi ba. Na sa yatsa na taɓa ɗaya, ya motsa a ƙarƙashin safar hannuna. Uwar ta ce, "Amma Likita ba ta taɓa cewa yana mata ciwo ba." Haka ne, ba zai yi ba. Ba mu cire haƙoran ba. Mun tsayar da komai, muka ɗaure su ta baya da siririyar waya, kuma har ganina da ita na ƙarshe suna bakinta. Amma da an yi hoto ɗaya a shekarar farko da ba a kai nan ba. Shi ya sa da na karanta cewa likitan 'yarki ya yi hoto a tsakiyar aiki, ya kuma faɗa miki abin da ya gani bai ɓoye ba, sai na ji daɗi. Wannan alamar mai lura ce.

Ban da aikin waya, akwai abin da yaro ke zuwa da shi. Wani an halicce shi da saiwa mai dungu, ko siririya mai tsini kamar bakin allura, ko mai lanƙwasa, irin waɗannan sun fi saurin zaizaya, kuma ana ganinsu a hoton farko. Gado ma yana da hannu sosai. Binciken da aka yi a kan 'yan'uwa ciki ɗaya ya nuna idan abin ya sami ɗaya, ɗan'uwansa ma yana kusa da samu, don haka idan wata rana za a sa wa ƙanenta waya, ki gaya wa likitan tarihin yayarsu. Sannan ki tuna baya: ta taɓa faɗuwa ta bugi baki tana ƙarama? Yara masu turarrun haƙora su suka fi buguwa a gaba, a bakin rijiya, a dandamalin makaranta, a kan keke, kuma sau da yawa gida an manta. Haƙorin da ya taɓa buguwa har saiwarsa ta fara lalacewa yana buƙatar lallashi na musamman. Idan tana cizon farce ko tauna murfin biro, wannan ma ƙarin jijjiga ne a kan haƙorin da dama yana cikin aiki, sai ta daina.

Yanzu ga abin da za ki yi idan kun koma. Ki roƙi likitan ya ajiye hoton farko, wanda aka ɗauka kafin a sa waya, kusa da na yanzu, ya nuna miki. Ki tambaye shi milimita nawa ne suka tafi, nawa suka rage, kuma haƙora nawa abin ya shafa. Ki tambayi irin hoton da aka yi. Babban hoton nan mai nuna baki gaba ɗaya ba ya fitar da haƙoran gaba da kyau, yakan nuna ragin ya fi yadda yake, kuma idan an sauya wa haƙori kwanciya sai ya fito gajere a hoto alhali tsawonsa na nan. Ƙaramin hoton da ake sa fim ɗin cikin baki a bayan haƙorin shi ya fi gaskiya, ba shi da tsada, kuma haskensa kaɗan ne. Wannan ko a nan gida za a iya ɗauka a sashen haƙori a tura masa, ba sai an yi doguwar tafiya dominsa ba. Akwai hoton na'ura mai nuna haƙori ta kowace fuska, ya fi duka fayyacewa, amma ya fi tsada da yawan haske, ba kowa ke buƙatarsa ba.

Idan ragin milimita ɗaya ne ko biyu, bakin saiwa ya ɗan yi dungu kawai, to a ci gaba da aiki da sassauƙan ɗauri, a sake hoto bayan kamar wata shida. Idan ya fi haka, akwai abin da ake yi kuma yana aiki: hutu. Wasu likitoci a ƙasar Siwidin, Levander da Malmgren, su ne suka nuna a 1988 cewa hoton da aka ɗauka wata 6 zuwa 9 da fara aiki yana nuna wanda abin zai yi wa tsanani nan gaba. A 1994 kuma suka nuna cewa idan aka dakatar da tura haƙori na wata biyu zuwa uku, zaizayar da ake samu a ƙarshe tana raguwa sosai. Hutun nan ba cire waya ba ne. Ana barin ƙarafan a manne, a sa wayar da ba ta tura komai, tana riƙe haƙoran ne kawai a inda suke, jiki ya samu sukunin yaɓe ramukansa. Bayan hutun sai a zauna a sake shawara. Wataƙila maimakon a mayar da haƙoran baya gaba ɗaya, a tsaya a inda leɓe ya rufu, cizo ya zauna, a haƙura da sauran. A ganina jeri mai kyau da saiwa mai ƙarfi ya fi jeri kamar na hoton talla a kan guntayen saiwoyi, kuma duk likitan kirki zai yarda a rage buri idan hoto ya nuna haka. Idan kuwa an riga an wuce sulusi kuma abin yana ci gaba duk da hutu, to a nan ne ake tsayar da aikin baki ɗaya, bisa tsari.

Maganar Alhaji ta a cire kawai, tsoron uba ne, kuma yana da hujja ta wani gefe, domin gaskiya ne idan matsi ya tsaya zaizaya tana tsayawa. An bi mutanen da abin ya sama shekaru fiye da goma bayan cire musu waya, aka tarar saiwoyin ba su ci gaba da raguwa ba, sai ma bakinsu da ya yi sumul. Amma ki duba inda 'yarki take. An cire mata haƙora biyu, mai yiwuwa giɓin bai gama rufewa ba. Idan aka ɓalle waya yau, za ta tashi da giɓi biyu, haƙoran gaba su fara komawa inda suka fito, na gefe su kwanta cikin giɓin, cizo ya rikice. An biya farashin saiwa ke nan ba a karɓi kayan ba. Kuma ranar da ta girma ta ce a sake gyarawa, zagaye na biyu a kan saiwar da ta riga ta ragu ya fi haɗari. Ko da shawarar ta tsaya a kan cirewa, likitan ne zai cire, ya goge gam ɗin ba tare da ya fasa farin haƙori ba, ya sa mata abin riƙewa. Kada a kai ta wurin wani ya ɓamɓare da filaya.

Ita kuma Inna, ga abin da za ki faɗa mata. Saiwa siffar karas gare ta, kauri a sama, tsini a ƙasa. Yawancin riƙon da ƙashi ke yi wa haƙori a wajen kaurin yake, kusa da dasashi. An yi lissafi an ga cewa asarar milimita 3 a tsinin saiwa daidai take da asarar milimita 1 kacal na ƙashi a wuyan haƙori. Shi ya sa haƙori zai rasa tsininsa ya ci gaba da tsayuwa daram. Girgiɗi na dindindin an fi ganinsa ne idan abin da ya rage na saiwar ya koma milimita 9 ko ƙasa da haka, kuma ko a nan ɗin ba kasafai haƙorin ke faɗuwa ba idan an kula da shi.

Wannan lissafin yana da wata fuska da nake so ki riƙe fiye da komai. Tunda riƙon a wuyan haƙori yake, babban abokin gabar 'yarki nan gaba shi ne ciwon dasashi, wanda ke cin ƙashi daga sama. Mai doguwar saiwa yana da rarar da zai yi asara, ita tata rarar ta ragu. Kuma ciwon dasashi shi ne abin da na fi gani yana zubar da haƙoran manya a asibiti, ya fara da ɗan jini wajen wanke baki, a raina shi, dattin ya daskare ya zama dutse a gindin haƙora, shekara goma sha sai ga girgiɗi. Don haka ta riƙa goge baki safe da dare da buroshi mai laushi da man goge baki mai sinadarin fuloraid, ta bi layin dasashi da kewayen kowane ƙarfe. Asuwaki yana da kyau kuma sunna ne, amma ba ya shiga ƙarƙashin waya, kuma idan aka matsa yakan ɓalle ƙarfe, sai ta haɗa da ɗan siririn buroshin nan mai shiga tsakanin haƙora. Wankin haƙori a asibiti duk wata shida zuwa shekara ya zame mata al'ada. Ranar da Allah ya kawo aure da juna biyu ta ƙara kula, domin ciki yana sa dasashi kumburi da zubar jini.

Haƙoran gaban nan kuma a daina sa su aikin ƙarfi. Ɓare rake, gatsar goriba, fasa ƙashi, tauna ƙanƙara lokacin zafi, jan kilishi, buɗe kwalba, tsinke zare. Rake a yanka mata ƙanana, ƙuli-ƙuli a daka, nama a yayyanka ta tauna da turame.

Babu maganin sha ko allura ko abincin da ke tsiro da saiwar da ta tafi. Madara da ƙwayar kalsiyam ba za su mayar da ita ba, haka ma saiwoyi da sassaƙe na gargajiya, kada a kashe kuɗi a banza. Kuma idan wani ya ce a kashe jijiyar haƙorin don zaizaya ta tsaya, kada ku yarda sai an gwada an tabbatar jijiyar ta mutu. Irin wannan zaizayar matsi ne ke kawo ta, ba ƙwayar cuta ba, cire jijiya mai rai ba ya ƙara komai sai raunana haƙori. Idan ta ji tsami kwana biyu bayan ɗauri, farasitamol ya isa. Abin da zai sa ku koma ba tare da jiran ranar da aka ba ku ba shi ne haƙori ɗaya ya fara duhu, ko ƙurji ya fito a dasashi saitin saiwa, ko ciwo mai zuga, ko wani haƙori ya fi 'yan'uwansa girgiɗi a fili. Ɗan motsi kaɗan a duk haƙoran da ke cikin waya kuwa dole ne, yana lafawa bayan an gama.

Tunda sauran iyaye za su karanta, bari in ƙara abu biyu. Yanzu 'yan mata sun ɗauki waya abin ado, biresis suke ce mata, ana saye ta intanet ana mannawa a shagon kwalliya. Ko an ce ta ado ce, muddin an manna ƙarfe an zura waya to tana tura haƙori, kuma ba wanda ke duba inda take tura shi. Mafi muni ita ce robar ɗaure kuɗi da wasu ke zagaya wa haƙoran gaba don rufe wushirya. Robar takan silale ta shige ƙarƙashin dasashi, ta bi saiwa tana yanke naman da ke riƙe da ita, har haƙoran biyu su fito gaba ɗaya. Wushiryar da kakanninmu ke yaba wa a matsayin kyau ba ta cancanci wannan ba. Duk wanda zai sa wa ɗanki waya, ya zama likitan haƙori mai rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, kuma ya fara da hoto. Gyara da farar robar nan mai cirewa ma ba ta kuɓuta daga zaizaya ba, domin ita ma tura haƙori take yi.

Na biyu, ba waya kaɗai ke cin saiwa ba. Fiƙar sama takan fito ne wajen shekara 11 zuwa 12, kuma a wasu yara takan ɓace hanya ta maƙale cikin ƙashi, ta je ta jingina da saiwar haƙorin da ke kusa da ita tana cinta a ɓoye, yadda babban haƙori ke cin na famfara. Idan yaro ya kai shekara 10 zuwa 11, ki sa yatsa a dasashinsa na sama, can saman fiƙar yarinta, ya kamata ki ji ɗan tudu. Idan babu, ko gefe ɗaya ya fito ɗayan shiru, a kai shi a yi hoto. Idan aka gano da wuri, sau da yawa cire fiƙar yarintar kaɗai yakan sa babbar ta gyara hanya.

Ranar komawa ki ɗauki duk hotunan da ke hannunki, har na farkon, ki rubuta tambayoyin nan a takarda don kada su shige miki a gaban likita. Idan da hali Alhaji ya raka ku ya ga hotunan biyu da idonsa, ya ji adadin milimitar daga bakin likitan, domin shawarar hutu ko ci gaba da shi za a yanke. Ita ma yarinyar a bar ta ta yi magana, shekara 15 ta isa ta faɗi iya gyaran da ya gamsar da ita. Idan kun samu adadin, ki aiko mini da shi tare da yawan watannin da likitan ya ce sun rage, in gaya miki abin da nake gani.